Kabarin Masu Fim

Festy Dirrane, Allah ya ji ƙansa, sau ɗaya ya taɓa kwana a wajen tsibirinmu, ranar da aka cire masa haƙori a birnin Galway. Manomin dankali ne, ba mata ba ɗa, sai jaka guda mai yi masa dakon dankali.

Shekara goma sha tara ba ya magana da Colie Hernon, alhali katangar dutse ce kawai tsakanin gidajensu. A kan ciyawar teku da ake kwasa a yi taki suka ɓata, kowa ya ce gaɓar ta ubansa ce. A coci bencinsu ɗaya. In magana ta zama dole, jakar ake gaya wa.

Abu guda ke cin Festy a rai. A nan dangi ba sa haƙa wa nasu kabari, aikin maƙwabci ne, kuma a gefensu Colie kaɗai ya rage mai iya ɗaga shebur. Festy bai taɓa furtawa ba, amma bayan kowace jana'iza yakan daɗe yana kallon ramin.

Sai ga masu fim daga Dublin, za su yi wasan ban dariya kan 'yan tsibiri da ke rigima a kan gawa. Suna neman tsofaffi biyu su haƙa kabarin ƙarya suna zagin juna. Fada, limamin cocinmu, ne ya ba da sunayen Festy da Colie, shi ya san nufinsa.

Shugabar masu fim ɗin, wata 'yar siririya, ta shata wuri yana kallon teku, ta ce zurfin gwiwa ya isa. Tsofaffin biyu suka juya shi ya kalli gabas yadda ake yi, suka yi ta haƙa har kawunansu suka ɓace.

"Haba Baba, ku zagi juna mana!" in ji ta.

Suka ci gaba da haƙa. Mutanen gari na kan katanga suna danne dariya.

Can Festy ya leƙo ya ce wa jakar da ke tsaye a bakin ramin, "Gaya wa wancan kusurwarsa ta karkace. Ko kare ba zai yarda ya kwanta a nan ba."

"Gaya masa ba shi za a sa ba, ina ruwansa?" in ji Colie.

"Gaya masa duba aikin mai haƙa nawa nake tun idona na buɗe."

Colie ya dakata. Ya cire hula, ya share gumi, ya daɗe yana kallon jakar.

"Gaya wa tsohon banza nasa zai fita sak. Da igiya zan auna."

Suka fito, suka gicciye shebur biyun a kan ramin kamar yadda ake yi wa kabarin gaske. A fim ɗin duk an yanke su, jakar kawai ta fito.

Bayan shekara uku Festy ya rasu cikin azumin Ista, ba su taɓa gaisawa ba. Colie ya zo da igiyarsa, ya yi yini guda yana haƙa. Jakar tana wurinsa yanzu, har yau yana kai mata ƙarar Festy.