Neman Kabarin Kaka daga Shagon Aski

A gidanmu kowa ya san kakan kakanmu ne ya haƙa mashigin ruwan Suwez. Yadda ake ba da labarin ma sai ka rantse shi kaɗai ya yi aikin. Ya tafi Hajji a ƙasa bai dawo ba, sai wani alhaji ya ce ya gan shi a Misra da kwandon ƙasa a ka. Daga nan kowa ya ɗora nasa.

Da na samu aikin gadi a Doha, Baba ya tsayar da ni a zaure ya ce tunda ƙasar Larabawa za ni, in nemo masa kabarin. A wurinsa Doha da Misra unguwa ɗaya ce, titi kawai za ka tsallaka. Duk wayar da muka yi sai ya tambaya, ni kuma in ce ana kan bincike. Ga jikinsa ya fara ƙi, abin yana damuna ƙwarai.

Wata Juma'a na shiga aski a unguwar Mansura, nan cikin Doha, wurin wani Bamisire mai surutun tsiya. Da Larabcina na yalla da khalas na fara cika baki cewa kakana ne ya haƙa musu mashigi. Mutumin ya kashe inji, rabin kaina a aske. Ashe a bakin ruwan aka haife shi.

Ya zayyana mini komai, yana yi da hannu inda na kasa ganewa. Faransawa ne suka lallaɓi mai mulkin Misra ya ba su izini. Turawan Ingila suka ƙi abin da farko, da aka gama kuma suka shigo da kuɗi, daga baya da soja, suka zauna daram. Masu haƙan manoma ne da aka kwaso daga ƙauyuka kan dole, ƙishirwa da annoba suka ci da yawa. Ya ce kakarsa takan ce har da Takari a cikinsu, baƙaƙen mahajjata da guzuri ya ƙare musu.

Wallahi tsalle na yi daga kan kujera, da mayafin aski a wuyana. Na ce, "Kabarinsu fa, yana ina?"

Ya ce, "Babu kabari, ɗan'uwa. Inda mutum ya faɗi a nan ake rufe shi, a gefen ruwan."

Na koma kan kujera na zauna. Sai ya ce in dakata, ƙanensa yana aiki a jirgin fito a can. Ya kira shi ta bidiyo, ni kuma na kira gida. Muka haɗa wayoyin fuska da fuska, masu jiran layi duk suka taso suna leƙe.

Ga ruwa shuɗi, ga rairayi, ga wani ƙaton jirgi yana wucewa a hankali. Na ce, "Baba, ga aikin Kaka nan. A gefen nan yake kwance, amma ba a san daidai wurin ba."

Baba ya daɗe yana kallo. Ya sa aka tashe shi zaune, ya ce a miƙo masa hularsa. Sannan ya yi sallamar da ake yi idan an shiga maƙabarta, ya ɗora da addu'a. Mai askin ya ɗaga hannu, shagon duka ya amsa da amin.

Da Baba ya shafa addu'ar ya ce mini, "Ka gaya wa yaron jirgin ya riƙe wayar haka, ban gama ganinsa ba."