Koren Fenti a Kan Noti

Yau shekara shida da rasuwar Injiniya Lawal, Allah ya jiƙansa, kuma shekara tara ina ɓoye abin da zan faɗa.

Sunana Sabi'u, bakanike ne, karatuna bai wuce firamare ba. Shi ya ɗauko ni daga wani gareji a Kano ya kawo ni Dubai, lokacin yana manajan wata ƙungiyar tseren motoci, bayan ya daɗe yana haɗa musu inji.

Yana da ƙa'ida guda. Kowane bakanike da launin fentinsa. In ka ɗaure noti, sai ka gwada da sifanar awo, ka ji ta yi ƙas, sannan ka ɗiga fentinka a kai. Nawa kore ne. Yakan ce, "Sabi'u, ɗigon nan rantsuwa ce, ba kwalliya ba."

Wata Juma'a ana shirin gwajin mota, ina sauri kada bas ɗin masallaci ta bar ni. Na ɗaure notin ƙafar baya, na ɗiga kore ban gwada ba. Bayan la'asar, motar na shan kwana, taya ta fice. Direban ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya.

Da aka jawo motar, Injiniya ne ya fara durƙusawa. Ya ga kore, ya ɗago ya dube ni, ya sa tsumma da fetur ya goge. A gaban masu ƙungiyar ya ce shi ne bai duba ba. Suka ce khalas, wato shi ke nan, suka sallame shi. Ina tsaye a wurin. Na tuna bizata da 'ya'yana, na yi shiru.

A wani ɗan shagon kayan mota a unguwar Deira ta nan Dubai Injiniya ya ƙare. In na hango shi sai in canza layi. Ban je ba sai ranar jana'iza.

Yanzu ni ne shugaban kanikawa a ƙungiyar. An daina fenti, na'ura ke auna noti ta sanar da kwamfuta. Da yana raye ƙila ya so ta, don ba ta ƙarya. Abin da zai ce da ni ne ban sani ba.

Bara a Kano na je gaida maiɗakinsa, Hajiya Rabi. A zaure na ji wani yana cewa ai sakaci ne ya ci aikin marigayi. Ita kuwa ta haɗa ni da kilishi tana sa mini albarka.

Me ya rage nasa? Babu kofin gasa da sunansa, sai rufin asirin da ya yi mini, wanda na bari ya ɓata masa suna. Na kai wa masu ƙungiyar wannan rubutun, ƙila ya ci aikina.

Hajiya, ki yafe mini. Kore ne a kan notin. Shi ya goge, ni yau na mayar.