Malam Nata'ala da Haƙƙin Hayaƙi

A Daudawa, in ka ga dattijo ya jingine fartanya ya ɗaga kai yana yi wa sama faɗa, to Malam Nata'ala ne. Tun yana saurayi yake noman auduga, bai taɓa wuce Funtuwa ba, kuma ba shi da abokin gaba a duniya sai jirgin sama. Ya ji a rediyo cewa hayaƙin jirage yana cikin abubuwan da ke ƙara wa duniya zafi, yana kuma taɓa ƙirjin mutane. Shi ke nan. Damina ta makara, jirgi ne. Akuya ta yi tari, jirgi ne. Da ya hango farin zaren hayaƙin jirgi a sama sai ya ce, "Ku ci kaji a bisa, mu sha hayaƙi a ƙasa. Akwai ranar hisabi!"

Kwatsam sai ɗansa Uwais ya biya masa kujerar Makka.

Murnar ba ta daɗe ba. Da bakinsa ya sha faɗin cewa hayaƙin nan haƙƙi ne, ga shi kuwa Allah ba ya yafe haƙƙin wani. Ya ya zai tsaya a Arfa da ƙirjin mutane a wuyansa? Da ya fara bin gidaje neman yafiya, kamar yadda maniyyata suka saba, shi ba ta abin da ya wuce yake nema ba, ta hayaƙin da zai zubo musu ce. Kowa ya yi dariya ya yafe, sai taubashiyarsa Dada Suwaibatu, wadda fuka ta daɗe tana wahalarwa.

"Ban yahe ba," in ji ta.

"Haba Dada, mi na yi maki?"

"Ba kai ka ce mani hukata jirgi ne ba? Yau kuma kai za ka hau ka ƙaro mani?"

"Can gaba zan zamna, nesa da salansa."

"To ka ce ma direba shi kashe inji in kun zo bisa gonata."

"Mu hwaɗo?"

"Kai ka sani, Alhajin gobe."

Ita wasan taubasai take yi, shi kuwa ya ɗauka da gaske. Tuwo ya daina shiga. Har ya aika wa Uwais cewa in Dada ba ta sauko ba, a ba wani kujerar.

Da hantsi ya koma roƙo, ya tarar da ita cikin ɗan ɗakin girkinta marar taga, tana hura ɗanyen kara. Ya durƙusa a bakin ƙofa zai fara magana, tari ya sarƙe shi, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Dada, kullum cikin wannan kike?"

"Tun kana tallan gyaɗa."

Ya miƙe. Ya je gida ya kwaso itacen da ya tanada don gyaran rumbunsa, ya kafa mata rumfa a fili inda iska ke kaɗawa, ya kwaɓa laka ya gina murhu, ya jibge mata busasshen itace. Ta zauna ta dafa wake har ya nuna, tarin bai taso mata ba.

Ta zuba masa a akushi, ta dube shi. "Na yahe na tahiya."

"Alhamdu lillahi! Na dawowa fa?"

"Wannan sai na ga dabinona."