Zanen Gawayin Da Ya Raba Ni Da Aminiyata

Edita, ina yi miki sallama, ke da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara hamsin da ɗoriya, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Roni. Duk unguwarmu an san ni da abu biyu, ƙulina mai garɗi da bakina mai kaifi. Ina da aminiya guda, tun muna amare muke tare, katanga ce kawai tsakanin gidajenmu. Ita ma ƙulin take yi, sai dai masu sari daga Kazaure sun fi tsayawa a ƙofata, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Ciwon ya fara mini a kafaɗar dama kamar wasa, na ɗauka gajiyar juya tunkuza ce a turmi. Kafin wata uku hannu ya ƙi ɗaguwa. Ɗaurin ɗankwali ya gagare ni, sa riga sai da hawaye, kabbarar salla ma hannun a ƙirji yake tsayawa. Aminiyata ta ce in bar mata komai. Shekarun baya ta yi jinyar mijinta a asibiti da ɓarin jikinsa ya shanye, a can ta ga yadda ake gashi da tausa. Kullum da hantsi sai ta shigo da man kaɗe a gwangwani, ta gasa mini kafaɗar da tsumma da ruwan ɗumi, ta yi ta tausa a hankali daga wuya zuwa allon kafaɗa. Daga nan ta tsayar da ni gaban bangon ɗakina, ta ce in riƙa hawa da yatsuna sama sannu sannu, inda na gaza sai ta ɗauki gawayi ta ja layi. Ta sha gaya mini ciwon nan ba ya son gaggawa, yana iya cin shekara. Da yamma kuma ta haɗa gyaɗata da tata ta soya, don kada masu sarina su watse.

Ana cikin haka ƙanwar mijina ta zo dubiya daga Gwiwa. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta tambaye ni wa ya yi zanen. Da na gaya mata sai ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin maganin da ake zanawa a ɗakin da mutum yake kwana ba. Ta kuma tambayi wanda ke sayar mini da ƙuli yanzu. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta sha ruwa ta tafi, ta bar ni da sauran.

Daga ranar idona ya canza. In aminiyata tana tausa sai in riƙa satar kallon bakinta, in ga yana motsi, in ce me take tofawa, alhali na san tun ƙuruciya salati ba ya barin bakinta. Na ƙirga layukan na ga bakwai ne, na ce ai dama, ƙidayar masu asiri ke nan. Na lura sun cunkushe wuri guda, da ƙyar ɗaya ya ɗara ɗaya, na ce nan ne iyakar da aka yanka wa hannuna. In na ji babur ɗin masu sari ya tsaya a ƙofarta sai in ce kasuwata ake kwashewa. Har man kaɗen na ɗiba na shafa wa akuyata a ƙafa don in ga ko za ta yi ɗingishi. Akuya ta wuni tana tsalle, amma sai na ce ai da sunana aka haɗa, ba da nata ba. Yau in na tuna dariya da kunya suke kama ni tare.

Wata safiya na ɗauki wuƙa da hagu na kankare bangon tas. Da ta shigo, ga mata biyu sun zo awon mai, ban duba su ba, na ce mata na gane, wanda ya ɗaure ba shi zai kwance ba, in kasuwata take so ta ɗauka ta bar mini hannuna. Ta dubi bangon, ta dube ni. Ta ajiye gwangwanin a bakin ƙofa ta gyara mayafi ta fita. Kafin la'asar buhun gyaɗata da kaskona sun dawo tsakar gidana.

Kwana biyu bayan nan na sa aka kai ni wajen wani maɗori a ƙauyen da ke hanyar Babura. Ya lalluba ya ce ƙashi ne ya goce, yanzu zai mayar. Aka sa mata biyu suka danne ni, ya fizgi hannun sama da ƙarfin tsiya. Na ji wani abu ya yage a ciki, ban sake sanin inda nake ba. Kafin mu iso gida kafaɗa ta kumbura, ko cokali ba na iya riƙewa.

A asibiti aka ɗauki hoto aka ce babu ƙashin da ya goce. Likita ya ce sandarewar kafaɗa ce, kuma tana yawan kama masu shekaruna, musamman masu ciwon suga, wanda gwajin jini ya nuna ina da shi ban sani ba. Fizgar nan kuwa ta ji wa tsoka ciwo. Da kumburin ya saɓe aka tura ni sashen gashi. Ma'aikaciyar ta gasa mini, ta yi tausa a hankali, sannan ta tsayar da ni gaban wata takarda da aka manna a bango ta ce in hau da yatsuna. Inda na gaza ta zaro biro ta ja layi. Na fashe da kuka, ta zaci zafi ne. Na tambaye ta amfanin layin, ta ce don mai ciwo ya ga yana ci gaba ko da kaɗan ne, kada ya karaya.

Ko gida ban shiga ba, na wuce wajen aminiyata na durƙusa. Ta ɗaga ni ta ce ta yafe duniya da lahira. Sai dai ta ce ta yi wa kanta alkawari, hannunta ba zai ƙara taɓa jikin wani da sunan taimako ba. Ta kuwa cika, don ko maƙwabta suka kira ta gashin mai jego haƙuri take ba su.

Hannuna ya saki bayan shekara ɗaya da rabi, ko da yake har yau bai kai yadda yake da ba. Abin da na koya shi ne ciwon da ya daɗe yana sa mutum neman wanda zai ɗora wa, kuma wanda ya fi kusa shi ake fara kamawa. 'Yan'uwa, in kafaɗarku ta riƙe ku je a duba ku, a auna muku suga, kada ku bari kowa ya fizge ta, ku yi haƙuri da gashi da tausa. Masu zuwa dubiya kuma ku ji tsoron Allah da irin tambayoyin da kuke bari a ɗakin mara lafiya. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ya zama ƙarya. Muna gaisawa da aminiyata kullum ta kan katanga, tana tambayata jiki, amma shekara uku ke nan ba ta sake shiga ɗakina ba.