Baba Isaka da Mutumin da ke Gefen Hoto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha shida ga watan Afrilu, 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Baba Isaka mai bidiyo na unguwar Yantala a Yamai, a gadon likita, bayan gajeriyar jinya. Ina bakin aikina a kasuwar Peti Marshe, ina ɗora wa wata hajiya buhun albasa a taksi, ɗiyarsa Hafsat ta kira ni. Ta ce, "Dauda, Baba ya tafi." Na ƙarasa ɗora buhun, tunda matar ba ta da laifi, sannan na zauna a kan barona.

Baba, da farko ban yi niyyar rubuta komai ba, addu'a ta fi maka amfani. Amma tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba aka soma wata magana a kartiye, unguwar tamu, kai kuma ba ka da bakin amsawa yanzu. Wai tsohon fim ɗin nan na Turawan Ingila da ka yi shekaru kana haskawa, na wanda ke mallake hankalin mutane, shi ya kama ka. Wai shi ya sa ka kwanta ido buɗe, ba motsi, ba magana. Ƙanenka Lawali har ya yanke hukunci a zauren makoki cewa za a kwashe kaset-kaset ɗinka a kai bakin gulbi wajen Tondibiya a ƙone. To, ni ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina.

Ina tsaye a wurin lokacin da lokotoro, likitan da ya duba ka, ya yi wa iyalinka bayani. Tansiyo ne, hawan jini, jijiya ta tsinke a kai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kake barbaɗa gishiri a kan tsire tun kafin ka ɗanɗana ba zai je neman aljani ba.

Na zo Yamai daga Tawa da ƙarfina kawai, ba Zabarmanci, ba Faransanci. Kai ka ba ni wurin ajiye baro a bayan rumfarka, kai ka yi mini magana da mai gidan da nake haya har yau. Ranar da ƙarfe ya yanke ni a ƙafa, ka rufe rumfa da rana tsaka, masu kallo na gunaguni, ka goya ni a babur zuwa likita. Ban ji ka ba wa kowa labarin ba.

A rumfar nan na ga yadda kake aiki. Ba ka taɓa ba da hayar kaset ba sai ka zauna ka kalle shi daga farko har ƙarshe. In hoto na rawa ko murya na shaƙewa, sai ka ajiye shi gefe, ko da mai nema ya ce a haka ma yana so. Kana goge cikin manyeto, na'urar kaset, da auduga a hankali, kamar mai wanke idon jariri. In an kira la'asar, ko ana tsakiyar faɗa ne, kana tsayar da fim. Kuma da sanda kake korar yara in za a saka na ban tsoro. Kana tsaye gefen tele kana fassara, ka faɗa da Hausa, ka juya ka maimaita da Zabarmanci, har da canza murya, mace daban, tsoho daban.

Shi wancan fim, daga Kano ka zo da kaset ɗinsa tun ban san hanyar Yamai ba, kwafin kwafi ne. Baƙi da fari muka san shi, hoton ya yi dishi-dishi kamar ana yayyafi a cikin ɗaki. Akwai wurin da duk Yantala ta haddace. Wani saurayi ma'aikacin ofis yana zaune shi kaɗai, sai a ji murya can ƙasa-ƙasa tana ba shi umarni. Ya miƙe kamar an ja shi da igiya, ya nufi taga. A nan kake sassauta murya ka ce, "Ku duba, ba kowa a ɗakin, iska ce ke magana." Na ga ƙato mai ɗaukar rabin naman bijimi a kafaɗa ya tashi a daidai nan ya ce zai je fitsari, bai dawo ba.

Haka muka riƙe labarin, har shekarar da Hafsat ta dawo daga karatu a Faransa da tsarabar faifan DVD. Wani kamfani ne can ya nemo ainihin fim ɗin, ya wanke shi ya sake fitarwa. Ranar wata Asabar da hantsi ka saka, mu kaɗan ne a rumfar. Abu na farko, fim ɗin mai launi ne. Labulen ɗakin kore, rigar saurayin ruwan ƙasa. Ka daɗe kana kallo, sannan ka gane da kanka: kaset ɗin na tsarin Ingila ne, telenka kuwa na tsarin Faransa, ba sa jituwa, sai launin ya maƙale a hanya. Ka yi dariya har da tari.

Sai aka zo wurin tagar. Sabon hoton mai faɗi ne, ashe tsohon kaset ya yanke gefe da gefe don ya cika tele. A hagu, inda ba mu taɓa gani ba, ga wani tsoho zaune a kujera da ƴar fitila a hannu, yana kunnawa yana kashewa, bakinsa na motsi. Shi ne mai muryar. Mutum ne, likitan saurayin, da tabarau da sanƙo.

Ka mayar da wurin baya, ka sake kallo, ka matsa har hancinka ya kusa taɓa gilashi. Ka ce, "Kai, Dauda, dubi ɗan banzan nan. Shekara da shekaru yana zaune a rumfata bai taɓa yi mini sallama ba."

Na ce, "Baba, yanzu iskar fa?"

Ka ce, "Wace iska? Wannan ko mura ta isa ta kayar da shi."

Da wani ne, da ya ɓoye faifan ya ci gaba da tsoratar da jama'a, tunda tsoron ne ke cika benci. Kai kuwa washegari ka aika kartiye a ce kowa ya zo. Ka haska tsohon, ka haska sabon, ka ɗora yatsa a kan mutumin nan mai fitila ka ce a dube shi da kyau. Ka ce wanda zai juya maka hankali ba aljani ba ne da ke fitowa daga gulbi, yawanci yana zaune kusa da kai, kuma kai ka ba shi kujerar.

Kuma ba ka bar sabon faifan ya tsira daga bakinka ba. Ka yaba launin, ka yaba faɗin. Amma ka ce sun wanke fuskokin fiye da kima, har kowa ya koma sumul kamar sabulu, tsoho ba tamoji. Ka ce sun haska lungun da ya kamata ya zauna da duhu, har ana ganin inda aka liƙa wa ɗan wasan gemu. Muryar kuma sun tsabtace ta ta yi siriri, ba ta ratsa ciki kamar ta da. Saboda haka ka ajiye su biyun a kan kanta ɗaya. Wanda ya zo nema, sai ka tambaye shi, "Tsoro kake so ko gaskiya?"

Kawu Lawali, da girmamawa nake magana, kuma na san ciwon rashin ɗan'uwa ne ke damunka. Amma ranar da aka haska sabon ba ka zo ba. Waɗanda ke yaɗa zancen nan ma, na lura da su ɗaya bayan ɗaya, duk tsohon kaset suka sani. Rabin hoto suka gani, kuma da shi suke so su shafa wa mamaci abin da ya tara mutane da ransa ya ƙaryata.

Bayan addu'ar uku, ni aka kira in kwashe kwalayen kaset-kaset ɗin, tunda ni ne mai baro. Na loda su a gaban kowa, na ɗaure da igiya. Sannan na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Zuwera, matarka, na tambaye ta ina za a kai. Daga cikin ɗakin takaba ta amsa, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gado ne, ba a raba ba. Kai su ɗakinka, Dauda."

Kawu Lawali ya ce, "Kai yaro, hanyar gulbi ba nan ba ce."

Na ce, "Na sani, Kawu."

Suna nan a ɗakina, na ɗora su a kan bulo saboda damina na tafe. Ban mallaki ko ɗaya ba, na Inna ne da ƴaƴanta, ranar da malamai suka raba zan mayar da su da barona. Kafin nan ba mai taɓa su da ashana. Ƙofata kuma a buɗe take. Kawu, duk ranar da ka shirya, Hafsat za ta kawo na'ura, ka zauna ka ga tsohon nan mai fitila da idonka, in ya so ka faɗi abin da ka gani.

Allah ya jiƙanka, Baba Isaka. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya saka maka alherin da ka yi wa baƙo irina da Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zuwera, da Hafsat da ƙannenta, da dukkan mutanen Yantala. Ina miƙa ta ga Kawu Lawali, wanda ya ɗauki makararka yana kuka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya tsare harsunanmu daga faɗa wa mamaci abin da ba mu gani ba. Amin.

Dauda mai baro, Peti Marshe, Yamai