Ranar da Kaka Dije ta daka iri

Shekara arba'in ke nan cif da muka rufe Kaka Dije a bayan ƙauyenmu, tsakanin Isa da Sabon Birni. Cikin fari ta rasu, cikin fari kuma aka taɓa sayar da ita. Ni jikanyarta ce, yau ga ni da furfura, kuma ba don tsohuwar nan ba Allah kaɗai ya san ƙasar da za ni yi furfurar.

Tana 'yar shekara takwas aka yi wata babbar yunwa, ubanta ya miƙa ta ga masu raƙuma a bakin dami uku na gero. Can arewa ta girma tana daka da jan ruwa, da munduwar tagulla mai nauyi a ƙafa don kada ta gudu. Ta kuwa gudu. An aike ta rijiya da rana tsaka, ta naɗe munduwar da tsumma, ta miƙe kudu. Wani maƙeri a Gatawa ya yanke mata ita, ta adana ta, amma tabon da shi aka binne ta.

Da ta yi aure, duk wanda ya gudo daga bauta gidanta ake nuna mishi. Manya takan ɓoye su cikin rumbu, yara kuma ta kira wanzami ya yi musu tsagen Gobirawa. In masu bin sawu suka iso sai ta jero yaran ta ce, "Ku dubi huskokinsu. Ɗiyan gidan ga na, wa kuka sani ciki?" Haka za su juya. Kada ku ɗauka labarin waliyyiya nake ba ku fa. Masifaffiya ce ta gidan gaba, in ta fara faɗa har awaki natsuwa suke.

Ina da shekara tara babban fari ya same mu. Shanu suka zube, muka koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ɗacinta ke fita. Sai ga wani falke daga tsallaken iyaka, ya ce zai ba babana, Mamman, buhu biyu na hatsi, a ba shi ni riƙo in riƙa taya matarsa aiki. Babana ba mugu ba ne, ƙannena huɗu ke kwance ba su iya ko kuka. Ya amsa. Har innata ta ƙulle mini tufafi a ɗankwali tana share hawaye.

A gidan manomi akwai abin da ko mutuwa ake yi ba a taɓawa, shi ne iri: zangarniyar da aka zaɓa aka rataye can ƙuryar rumbu don shukar baɗi. Kaka, da tsufanta, ta taka tsani ta shiga rumbun ta dinga jefo shi ƙasa. Babana ya rugo yana cewa, "Inna, iri na fa! Mi za mu shibka in ruwa ya sauka?" Ta ce, "Iri ana roƙo nai ga maƙwabta, Mamman. Ɗiya in ta haye, ga wa za ka roƙo ta?" Sannan ta ɗage zanenta ta nuna mishi tabon. Ta ce, "Ni ma riƙo anka ce."

Falke ya ɗaure buhunansa ya tafi. Kaka ta sussuke irin ta daka, muka lallaɓa da kunu salala har damina. Gari ya ɗauka cewa tsufa ya ruɗe ta.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, babana ya zauna ƙofar gida ya haɗa kai da gwiwa, kowa na gona ban da mu. Kafin hantsi sai ga dattijai masu tsage suna shigowa, wasu daga Kamarawa, wasu daga Gatawa, wani da iri cikin hula, wata ta ƙulle nata a bakin zane. Yaran nan ne da ta taɓa jerawa, labari ya kai musu. Ɗayansu ya dafa rumbun ya ce wa babana, "Cikin nan uwata ta yi kwana bakwai." Ranar na yarda alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kaka kuwa ko godiya ba ta yi ba, faɗa ta kama yi musu wai sun makara, ƙasa za ta sha iska.

Yau a wannan yanki namu mutanen daji na kwashe mutum daga gonarsa su yi mishi farashi kamar akuya. Nakan ce da tana nan me za ta yi? Ba ta da bindiga, da ma ba ta taɓa riƙewa ba. Na dai san duk wanda ya kuɓuto zai tarar da ƙofarta buɗe, ya ci tuwo, ya sha faɗa.

Kaka ba ta bar gona ko saniya ba. Munduwar ce gadona, sai jikokina goma sha ɗaya da aka yanke wa cibi a garin nan. Na gode, Kaka, Allah ya haskaka makwancinki. Duk shekara in 'ya'yana sun rataye iri, nakan tsaya bakin rumbu in ce musu: in yunwa ta dawo, wannan za ku fara ci.