Tarihin Shanye-Randa, Mai Binciken Ƙishirwar Gado

Haihuwarsa

An haife shi a shekarar 1957 a wani gari na bakin titin jirgin ƙasa, mahaifinsa tela, mahaifiyarsa ungozoma. Yayyensa maza biyu sun rasu suna jarirai sakamakon bushewar jiki, shi kuwa ya taso da ƙishirwar da ba ta yankewa, yana sha yana zagayawa, har kakarsa ta laƙaba masa Shanye-Randa.

Karatunsa

Makarantu uku ya bari, domin malamai sun ɗauki yawan fitarsa daga aji a matsayin raini. A 1976 ya shiga jami'a, ya nazarci ƙwayoyin halittar jiki.

Aikinsa

Ya yi aiki a ɗakunan bincike daban-daban, teburinsa kullum a bakin ƙofa, abokan aikinsa suna cewa kaza mai neman wurin ƙwai ma ta fi shi zama. Abin da ya hana shi sukuni shi ne makarɓin saƙo da ke jikin ƙwayar ƙoda: sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa yakan shiga aljihunsa na waje, sai ɓangarensa na ciki ya motsa ya isar da umarnin. A 1996 ya tabbatar da cewa a danginsa lanƙwasa ɗaya ce a jikin makarɓin ta karkace. Sinadarin yana kamawa, amma ciki ba ya motsi. Ya gano kuma ta wajen uwa larurar take bi.

Iyalinsa

Ya auri malamar lissafi a 1985. Da babbar 'yarsu ta haihu, ya nace a gwada jaririn kafin a sallame su, duk da surukinsa, mijin 'yar, ya ga abin kamar mugun fata. Ya ce masa, "Ka yi fushi da ni, amma a auna shi." Aka sami larurar, aka tsara wa yaron ruwa da magani.

Rasuwarsa

Ya rasu a 2021 bayan jinyar ƙoda, bai samo abin da zai miƙe lanƙwasar ba. An yi jana'izarsa bayan azahar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbar mai harhaɗa magunguna ce, sai injiniya, sai ɗan jarida, sai autarsu ɗaliba. Ya bar jikoki bakwai, biyu suna da larurar, kuma dukansu suna makaranta.